Yaya, kafin murhun ya iso Damagaram mu gama maganar wayar wuta

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna. Nan Liyon ta Faransa sanyi ya fara shigowa, amma muna lafiya, alhamdulillahi.

Murhun lantarkin nan mai fuskar gilashi da uwargidanka ta gani a Facebook, wanda ake ce wa endiksiyon, na samo shi, mai kai huɗu, kuma zai biyo kayan da za su taho. Sai dai ka rufe saƙonka da cewa wayar wuta ba matsala ba ce, tana nan jibge a kasuwar Dole. Wannan maganar ce ta hana ni sakewa. Shekara shida ke nan ina bin maigidana gida-gida muna haɗa ɗakunan girki, kuma duk inda aka kira mu don murhu ya ba da matsala, bayan bango da cikin akwatin haɗi muke fara dubawa.

Murhun nan, idan aka kunna kawunan huɗu gaba ɗaya, yana jan wat 7,200 zuwa 7,400. Ka ɗauka kamar fanka ɗari ce ta sama ke juyawa lokaci guda a kan waya ɗaya. A wutar bolt 230 wannan ya kai amper 32. Shi ya sa dokar aikin lantarki ta Faransa, wadda ake kira NF C 15-100, ta ware masa layinsa shi kaɗai tun daga allon rarraba wuta: wayar jan ƙarfe mai kauri milimita murabba'i 6, makatsin wuta na amper 32, sannan na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta ji yoyon miliamper 30, wadda ita ce ke ceton ran mutum. Ba a jona firiji ko injin wanki a wannan layin. Gidan da yake da wuta mai fas uku, wato layi uku masu rai ke shigo masa, waya mai 2.5 da makatsi na amper 20 sun wadatar, don nauyin ya rabu uku.

Kauri magana ɗaya ce, jure zafi kuma magana ce daban, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci har a ƙasar nan. Ana cewa murhun ba ya zafi tunda babu harshen wuta, naɗin jan ƙarfe ne a ƙarƙashin gilashi yake zafafa gindin tukunya da ƙarfin maganaɗisu. Gaskiya ne, amma zafin tukunya yana komawa gilashin, kayan cikinsa ma suna ɗumi har an sa musu ƴar fanka, kuma sau da yawa akwai tanda a ƙarƙashi. Bara mun je gidan wata dattijuwa da ta ce tana jin ƙauri idan tana gasa nama. Da muka ɗaga murhun, sai ga wayar kwance a bayan tanda. Asalinta fara ce, ta koma ruwan ƙasa. Na lanƙwasa ta da yatsa biyu, robar ta tsage kamar busasshiyar fata, jan ƙarfen ya leƙo. Kaurinta daidai yake, irinta ce ba ta wurin ba.

Abin da ya fi burge ni a nan, Yaya, shi ne kowace waya ɗauke take da sunanta a jikinta, an buga shi daga farko har ƙarshen naɗi. Idan ka ga H05VV-F, roba ce ta gama-gari, irin ta fitila da talabijin, iyakarta digiri 60 zuwa 70. Idan ka ga H05V2V2-F, wannan lamba 2 da aka ƙara tana nufin robar tana jure digiri 90, kuma ita ce takardar yawancin murhunan nan ke nema. Akwai H07BN4-F, ita ma 90. Akwai ta silikon, H05SS-F, mai kaiwa 180. Harafin F na ƙarshe yana nufin mai laushi ce, ƙananan silla da yawa aka murɗa. Idan kuma aka rubuta 3G6, wato jijiya uku, ɗaya ta ƙasa ce mai launin kore da rawaya, kowace mai kauri 6. Shuɗiya ita ce ta dawowa, mai ruwan ƙasa ita ce mai rai. Baƙar nan mai kauri da ake kira H07RN-F, mutane suna ganinta sai su ɗauka ba abin da zai taɓa ta. Tana da ƙarfi ƙwarai wajen ruwa da mai da ja a ƙasa, amma wani kamfani digiri 60 ya ba tasa, wani 90, sai ka nemi takardarta ka karanta.

Manyan kantunan kayan gini irin su Leroy Merlin, mita-mita ake yanka maka, a manna farashi, a ba ka rasit. Amma mai jure zafi mai kauri 6 ba ko'ina ake samunta ba. Sai da na bi ta shagon da ke sayar wa masu sana'a da sunan maigidana, aka yi odar ta, ta zo bayan kwana biyu. Mita biyu na saya maka ka ajiye. Da tsada, don Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, amma araha ba ta ado.

Kada ka ɗauka ina raina na gida. Wallahi akwai abin da muka fi su. A nan idan kana son mai gyaran wuta, sai ka jira sati biyu, kuma tun bai taɓa komai ba an rubuta maka kuɗin zuwansa. A unguwar Zango kuwa kira ɗaya za ka yi, kafin shayi ya huce ya iso a kan babur, kuma hannunsa ya san aiki. Abin da ya rasa shi ne kayan da zai yarda da rubutunsu. Ka tuna soket ɗin shagon Baba da ya narke lokacin azumi, har bango ya yi baƙi? An sayar mana da wayar a matsayin mai 2.5. Da aka fere ta, roba ce ta cika ta, sillan ciki ba su kai rabi ba, kuma da aka kankare su da wuƙa sai suka yi fari. Alminiyo ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyo kusan kashi 61 cikin ɗari yake ɗauka na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, ga shi yana sakin jiki a ƙarƙashin noti, haɗi ya yi sako-sako, zafi ya taru a wurin.

Sai kuma zafin garinmu. Lissafin da injiniyoyi ke yi na abin da waya za ta ɗauka, an gina shi ne a kan iska mai digiri 30. Idan wuri ya kai 45, waya mai robar gama-gari tana rasa kusan kashi 21 cikin ɗari na ƙarfinta, mai jure 90 kuwa kashi 13 kawai. Ka san yadda cikin silin yake a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu. Wayar da ke da sarari a Liyon, a Damagaram tana bakin iyakarta. Don haka daga allo zuwa ɗakin girki, ka nemi mai tauri da aka rubuta U-1000 R2V 3G6, ita ma 90 take jurewa. Idan tafiyar tana da tsawo sosai, a hau zuwa mai 10. Ko a Dole za ka saya ko ka aika Kano, ka tafi da mai gyaranka, a yanki guntu a gabanka. Ku kankare silin ku ga ja ne har ciki, ku ɗaga naɗin ku ji nauyi, don jan ƙarfe ya ninka alminiyo nauyi fiye da sau uku. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai hana ka ba.

Murhun ya zo da guntuwar wayarsa, kamar mita ɗaya. Kada a ƙara mata tsawo da murɗe-murɗe da salatif. A kawo akwatin haɗi kusa da shi, a ɗaure notuna tamau, a sake bi bayan wata ɗaya, kuma kada wayar ta taɓa jikin tanda. Wayar ƙasa kuwa dole ce. Ƙasarmu busasshiya ce, ga dutse, sai a kafa sandar ƙarfen da ake jona ta a jiki da zurfi a inda ke da danshi, a auna da na'ura kafin a ce an gama.

Ka gaya wa uwargida tukwanenmu na zubi na alminiyo ba za su yi aiki a kansa ba. Ta gwada da maganaɗisu, duk wadda ya kama gindinta ta yi. Zan haɗo da guda uku. Kuma kada ta rabu da tukunyar gas, tunda ga matatar mai ta SORAZ a kusa da ku tun 2011, kuma kun ga yadda aka sha da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a Agustan 2023.

Abu biyu nake so daga gare ka cikin satin nan. Ka ɗauko mini hoton kontar gidan da takardar biyan kuɗin wuta, in ga ƙarfin da aka ba ku, don idan bai kai ba akwai inda ake rage wa murhun abin da yake ja, zan saita shi tun daga nan. Sannan ka sa a auna mini daga allo zuwa inda za a girke shi, a bi hanyar da wayar za ta bi cikin bango. Ka gaishe da Inna ƙwarai, ka ce mata maganin ƙafarta yana cikin kayan.