Fostar gawon Salahi da na yi oda, ga yanda ta zo

To fostar zanen bishiyar gawo ta Ibrahim El-Salahi da na daɗe ina jira dai ta iso, sati biyar cur bayan na biya kuɗi a wani shagon intanet na Ingila da ke buga zanen masu zane. A naɗe ta zo cikin kwali mai kama da bututu, ko lanƙwasa ɗaya babu, nan kam sun yi ƙoƙari. Takardar mai kauri ce ba irin ta kalanda ba, kuma ba ta ƙyalli, ko ka rataye ta kusa da taga ba za ta dinga kashe maka ido ba.

Zanen na Ibrahim El-Salahi ne, mutumin Sudan, haifaffen Omdurman a 1930. Ɗan malam ne, babansa makarantar allo gare shi, shi ya sa in ka kalli layukansa sai ka rantse da alƙalamin kara da tawada aka ja su. Ya yi karatun zane a makarantar Slade ta Landan daga 1954 zuwa 1957, da ya koma gida ya baje kolin aikinsa irin na Turawa mutanen Khartoum ba su wani damu ba, wannan ne ya sa ya waiwayi rubutun Larabci da adon gida, ya dinga warware haruffa har su zama fuska ko tsuntsu. Ni wanda na saya daga jerin zanensa na bishiya ne, wadda suke kira haraza, kuma wallahi abin da ya ja ni kenan don haraza ɗin nan gawo ne fa, gawon namu na gona da ke kaɗe ganye da damina ya yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe. Mutanen Sudan cewa suke yi wai faɗa ya yi da ruwan sama.

Kar ka sa ran ganin rassa da ganye. Layi ne a miƙe daga ƙasa zuwa sama da wasu siraran layuka a gicciye, da farko ma ƙanwata cewa ta yi yaya wannan ai tsani ne ka kashe wa kuɗi, amma in ka zauna gabansa bayan asuba sai ka ga kamar mutum ne a tsaye ya kabbara sallah. Shi kansa ya sha faɗa cewa sai ya yi alwala ya yi sallah kafin ya taɓa aiki. Kuma mutum ne da ya ga rayuwa, 1975 gwamnatin Numeiri, shugaban Sudan na lokacin, ta jefa shi kurkukun Kober wata shida ba shari'a bisa zargin juyin mulki, a can kan 'yan guntayen takardar buhun siminti yake zane yana binnewa cikin yashi kar gandirobobi su gani. Daga nan sai Qatar, sai Oxford a 1998, a 2013 kuma Tate Modern, gidan baje kolin zane na Landan, ta baje aikin rayuwarsa gaba ɗaya.

Inda na yi kuskure shi ne da na zaɓi ƙaramin sayiz don tsoron kuɗi. Siraran layukan nan da su ne ran zanen sun cunkushe, sai ka matso kamar mai karanta takardar magani, kuma jan launin da ke ciki ya ɗan fi duhu a kan yanda na gani a waya. Sannan ko 'yar takardar bayani ba su sako ba, ba shekarar zanen ba komai, haba. Kuɗin aikowa ma ya kusa kamo kuɗin fostar kanta, da na sani da babbar na ɗauka tunda duk jirgi ɗaya za su hau.

In za ka saya ka ɗauki babbar, ka ce wa mai firem ya bar farin gefen nan kar ya yanke, nawa har ya ɗauko reza sai da na riƙe masa hannu.