Labaran mata da zaman iyali: wane littafi mai saye a Abuja zai fara ɗauka?

Duk wanda ya shiga Kasuwar Wuse ko wani shagon littattafai a Abuja yana neman ƙagaggen labari a kan mata da zaman iyali, ya kamata ya fara tambayar kansa wa zai karanta littafin, kuma da wane harshe, domin littafin da ya dace da uwar gida mai 'ya'ya da jikoki ba lallai ne ya dace da yarinyar da ke aji uku na sakandare ba.

A ganina, mai iya karatun Hausa ya fara da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wadda ita kanta an yi mata aure tana ƙarama kafin ta nemi ilimi daga baya. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa a Kano mai suna Alhaji Abdu, wanda ya yi mata kishiya, ya kore ta da 'ya'yanta tara, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Abin da ya ɗaure ni a littafin shi ne yadda marubuciyar ta tsaya a kan ƙananan abubuwan da ke rushe gida: kuɗin cefanen da ba ya isa, ranar girki, habaicin tsakar gida, da dangin da ba su da magani sai "ki yi haƙuri". Wadda ta zauna a gidan yawa za ta ji muryoyin da ta sani. Farfesa Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012, kuma fassarar za ta amfani yaran Abuja da suka tashi suna jin Hausa amma karanta ta na ba su wuya. Sai dai gatse da baƙar maganar kishiyoyi sun fi ciwo a harshen da aka yi su.

Idan rayuwar ƙauye ake so, Wa Zai Auri Jahila? na marubuciyar ya fi kusa. Yarinya ce mai suna Abu aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta koma karatu. Shi zan saya wa budurwa, kuma zan so mahaifinta ma ya karanta.

A ɓangaren Turanci akwai The Stillborn na Farfesa Zaynab Alkali, 'yar asalin jihar Borno, wanda kamfanin Longman ya buga a 1984. Yana bin yarinya mai suna Li da yayarta Awa da ƙawarta Faku, da mafarkinsu na aure da birni, da abin da ya same su bayan nan. Gajere ne, Turancinsa ba mai tsauri ba ne, ɗalibi zai gama shi a hutun mako guda.

Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, shi ne ya fi kusa da mu ta fuskar wuri, domin a Mararaba da ke bakin Abuja labarin ya gudana. Hajiya Binta, mai shekara 55, ta rasa mijinta a rikicin Jos, sannan ta faɗa soyayya da wani matashi ɗan daba mai shekara 25. Littafin ya fito a 2015, ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016, kuma kamfanin Cassava Republic da ke nan Abuja ya sake buga shi a 2016, don haka samunsa ya fi na sauran sauƙi. Rubutun yana da kyau ƙwarai, musamman inda ya taɓo kunyar ɗan fari da ke hana uwa ambaton sunan ɗanta, amma akwai wuraren da ya fito fili da sha'anin shimfiɗa. Na manya ne, kuma mai sayensa don kyauta ya fara karantawa kafin ya miƙa.

Saura batun kwafin da za a ɗauka. Tsofaffin littattafan Hausa sun yi wuya a Abuja, sau da yawa sai an ba da sautu Kano, inda 'yan littattafan Kasuwar Sabon Gari suka fi ajiye su. Yawancinsu kashi-kashi ake buga su, saboda haka a buɗe shafin ƙarshe a gani ko an rubuta "mu haɗu a littafi na biyu", kada a koma gida da rabin labari. A kuma ƙirga shafuka a gaban mai shago. Na taɓa sayen wani kwafi mai arha a bakin titi, sai da na kai tsakiyarsa cikin dare na tarar daga shafi na 64 ya tsallaka zuwa na 81, tawadar ma ta dusashe kamar an wanke ta, alamar bugun sata ne. Irin wannan bugu, da kwafe-kwafen da ake yawo da su a WhatsApp, ko kwabo ba ya shiga hannun marubuciyar da ta kwana tana rubutu. Idan kuɗin littafi ɗaya ne a aljihu, a nemi Alhaki Kuykuyo Ne na asali, ko da sai an jira direban Kano ya kawo shi tashar Jabi.