Doguwar bindiga mai cin harsashin fistol: wacce za ka saya don filin harbi?

'Yan'uwanmu mazauna Amurka da suka fara leƙa filin harbi a ƙarshen mako, yawanci ba su daɗe sai su ce suna son tasu, sun gaji da ta haya. Abin da nake nuna wa sabon shiga shi ne doguwar bindigar nan da ke cin harsashin fistol, 9mm, wadda in ka ja kunama harsashi ɗaya ke fita, ta ɗora wa kanta na gaba. Harsashinta ya fi 5.56, wato harsashin manyan bindigogi, araha, ba ta dukan kafaɗa sosai, kuma filayen harbi na cikin gini da yawa da ke hana manyan bindigogi suna barin ta. Daga yadi 25 zuwa 100 za ta yi maka duk abin da kake so. Maganar Amurka nake yi fa. A gida Najeriya wannan ba kayan farar hula ba ne.

Ni dai Ruger PC Carbine ce tawa, kuma ba na ɓoyewa. Ta fito a ƙarshen 2017. Abin da ya fara jan hankalina shi ne gidan harsashi. Tana zuwa da na Ruger, amma a cikin kwalin akwai wani mazauni na biyu da za ka sauya cikin 'yan mintoci ta koma karɓar na fistol ɗin kamfanin Glock. Shi kuwa gidan harsashin Glock, babu shagon bindigar da za ka shiga ka rasa shi, kuma ba shi da tsada. Wanda bai taɓa riƙe bindigar da sai an yi odar gidan harsashinta an jira makonni ba, ba zai gane girman wannan ba.

Sannan tana rabuwa gida biyu: ka ja sakata baya ka kulle, ka danna wani ɗan maɓalli a ƙasa, ka murɗa bututun, shi ke nan ta shiga jaka. Saitin ƙarfen da ta zo da shi, na gaba da na baya, duk a kan bututun suke, don haka raba ta da haɗa ta ba ya ɓata maka saiti. Akwai wani zobe a gindin bututun da ake ɗaurewa tun ranar farko. In ka ji tana ɗan girgiɗi a mahaɗa, shi ne bai ɗauru ba. Bahago ma an tuna da shi, don ana mayar da hannun ɗanawa ɗaya gefen. Aibinta nauyi, ta haura kilo 3, amma a filin harbi nauyin nan ne ke sa bakinta ba ya tsalle.

Sauran fa? Kel-Tec SUB-2000 tana naɗewa, nauyinta wajen kilo 2, sai dai kuncinka a kan bututun ƙarfe yake, kowane harbi sai ka ji shi a haƙori. M&P FPC ta Smith & Wesson, ta 2023, ba laifi in dama kana da fistol ɗinsu. CZ Scorpion kyakkyawa ce, amma kunamarta tauri, gidan harsashinta kuma nata ne ita kaɗai. Hi-Point 995 tana aiki, harsashi 10 take ɗauka, muni kuwa ba a magana. SIG MPX ta masu kuɗi ce.

Inda aka fi cin mutane ba wajen zaɓen bindigar ba ne, wajen kayan da ake ɗora mata ne. Madubin saiti mai jan ɗigo shi ne kan gaba a jabu. Na taɓa karɓar wani daga hannun wani mai sayarwa a intanet, kwali tsaf, tambari tsaf, har da takardar garanti. Kafin in gama kwalin harsashi ɗaya ɗigon ya fara yawo, ina bara a tsakiya harsashi na sauka a gefen takarda. Ashe na bindigar wasa ne aka buga wa suna. An fi kwaikwayon na kamfanonin Aimpoint da Trijicon da EOTech, don su ne masu tsada. In ka ga na dala 500 ana ba ka a 120, araha ba ta ado. Ka sayi naka wurin dilan da kamfanin ya sani, ka tura musu lambar jikinsa su tabbatar. Haka gidan harsashi mara suna, da harsashin da wani ya sake ɗurawa a garejinsa yana sayarwa a leda: kada ka zuba wa bindigarka.

Akwai kuma shafukan bogi masu kama da shagon gaske, farashi rabi, amma biya sai ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko kirifto ko katin kyauta. Duk wanda ya ce zai aiko maka da bindiga har ƙofar gida daga wata jiha, ɗan damfara ne. Ta halal tana sauka ne wurin dila mai lasisin tarayya, ka je da kanka, ka cike fom 4473, a binciki tarihinka. Mai katin zama na dindindin yana iya saye. Mai bizar karatu ko ziyara, dokar tarayya ta hana shi sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa. Kuma kada kunya ta sa ka sayo wa aboki da sunanka, laifi ne da ke iya kai mutum shekara 15 a kurkuku.

Ka duba tsawon bututu, kada ya gaza inci 16, don ƙasa da haka wata doka ce daban ta 1934 ke hawa kanta. Na Ruger ya ɗan haura 16. In a California ko New York kake, gidan harsashi ba ya wuce 10, kuma ba kowane samfuri ake sayarwa a can ba, sai ka tambayi dilan unguwarku kafin ka biya ko sisi. A lissafin kuɗinka ka sa abin toshe kunne, tabarau, da akwatin ƙarfe mai makulli, musamman in akwai yara a gidan.