Tallafin OREF ko na NIH: wanne matashin likitan ƙashi zai fara nema?

A Amurka, likitan tiyatar ƙashi da ke son bincike yakan fara duba gidauniyar OREF mai tallafa wa bincike da ilimin tiyatar ƙashi, wadda aka kafa a 1955, ko kuma NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnati.

Kuɗin OREF ba su da yawa, galibi na shekara ɗaya ko biyu ne. Amma likitocin ƙashi ne ke tantance takardarka, kuma ko kana cikin horon ƙwarewa za ka iya nema.

Tallafin K08 da K23 na NIH kuwa, wanda ake ba likitoci masu fara bincike, yana kaiwa shekara 5, yana biyan wani kaso na albashi, kuma dole ka sami gogaggen malami mai ja maka gora. Sharaɗinsa ne mai nauyi: yawanci kashi 75 cikin 100 na lokacinka na bincike ne, ko da yake akan sassauta wa likitocin tiyata zuwa rabi. Hannun da ya daɗe bai shiga ɗakin tiyata ba yakan yi sanyi, wannan damuwa ce ta gaske. Sannan ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin ne kaɗai ake ba shi.

Ni dai na fi son a fara da OREF, domin sakamakon farko da za ka tara da shi ne masu tantancewa a NIH ke son gani.