Sati uku da Helldivers 2 a shagona na Gusau

Ina da ɗan gidan gem a Tudun Wada, nan Gusau: talabijin huɗu, PS4 uku, sai PS5 guda ɗaya da nake lallaɓawa kamar ƙwai. Yaran da ke zuwa ƙwallo ce abincinsu, in sun gaji da gardamar Madrid da Barcelona su koma Call of Duty. Helldivers 2 kuwa don kaina na saye shi, dala 40, bayan na daɗe ina kallonsa a YouTube. Kamfanin Arrowhead na ƙasar Suwidin ne ya haɗa shi, Sony ta fitar da shi a Fabrairun 2024, kuma cikin mako 12 aka sayar da kwafi miliyan 12. Na ce abin da ya ruɗa duniya haka ai ba zai sha ƙasa a Gusau ba.

Ko minti goma ba a yi ba aka fara tsaki.

Ƙanena na fara miƙa wa hannun gem ɗin, don shi ne gwanin harbi a shagon. Ya saba da zarar ya yi harbi biyu ya sake loda bindiga, yatsansa ke yi ba tare da ya sani ba. To a nan, in ka canza gidan harsashi, duk abin da ya rage a ciki ya tafi ke nan. Kafin manyan ƙwarin da ake yaƙa a gem ɗin su taso da gaske bindigarsa ta zama sanda. Sai maganar kiran agaji daga sama: ka riƙe maɓallin L1, ka danna kibiyoyi a jere ba kuskure. Dawo da abokinka da ya mutu, sama, ƙasa, dama, hagu, sama. Neman harsashi, ƙasa, ƙasa, sama, dama. Duk wannan ana binka a guje. Ya kalle ni ya ce, "Yaya, wanga gem na ko jarabawa?"

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne harsashin abokinka yana kashe ka, bom ɗinsa ma haka, kuma babu wurin kashe wannan tsarin. Wani baƙo da aka haɗa mu da shi ta intanet ya kira jirgi ya saki bom mai kilo 500 ƙanena yana tsakiyar wurin. Da aka dawo da shi, akwatin ƙarfen da ya sauko a ciki ya faɗo a kan wanda ya kira shi. 'Yan kallo suka fashe da dariya, shi kuwa ya ajiye hannun ya ce a sa masa ƙwallo.

Ban yi mamaki sosai ba. A 2000 an fitar da Alien Resurrection a PlayStation ta farko, inda sandar hagu ta hannun gem ke tafiya, ta dama ke juya kai da saiti. Akwai mai sharhin da ya koka da wannan tsarin a lokacin, yana ganin wahalar da mutane ne kawai. Shekara ɗaya bayan nan Halo ya fito a Xbox da irin wannan riƙon, yau kuma duk yaron da ke shagona haka yake harbi, bai ma san an taɓa yin gardama a kai ba. Ƙanena ba gem ɗin ya ƙi ba, yatsunsa ne aka ce su sake karatu, kuma gwani ba ya son a mayar da shi aji ɗaya a gaban yara.

A kwana na huɗu na dawo daga sallar Isha'i na tarar da shi a kai. Sun gama aiki su huɗu, sun kira jirgin da zai kwashe su, ana jiran minti biyun nan da suka fi awa tsawo. Ƙwari ta ko'ina, mutum biyu sun faɗi, saura shi da wani. Na ga babban yatsansa ya buga kibiyoyi biyar ɗin nan ko kallon allo bai yi ba. Da jirgin ya tashi da su duka, yaran da suka yi masa dariya su ne suka miƙe tsaye suna ihu. A wajen sa mutum huɗu su ji da gaske ran kowa yana hannun ɗan'uwansa, ban taɓa buga kamarsa ba.

Amma a matsayin jari, ban ba wani mai shago shawara ba. Mutum biyu ba sa bugawa a talabijin ɗaya, ga shi zagaye guda yana iya cin minti 40, sauran na zaune. Ko kai kaɗai za ka buga sai da intanet, in da mutane ne kuma sai ka biya PS Plus, wato kuɗin rajistar Sony na buga gem da mutane ta intanet. Sabis ya yi rawa ko wuta ta ɗauke kafin a tayar da janareta, wahalar rabin awa ta bi ruwa. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 mun san gem irin wannan zai iya zama hoto rana ɗaya.

Akwai kuma ƙarar. Telan da ke maƙwabtaka da ni, dattijo ne, ya leƙo ya ce, "Ɗana, rage muna wanga abu, kunnuwanmu sun gaji da jin irinai." Ban yi musu ba. Na nuna masa ƙwari da mutum-mutumin ƙarfe ake harbi, ya ce duk da haka. Tun ranar, Magariba na yi nake rage sauti.

Yanzu da rana PS5 ta koma wa ƙwallo, can kuɗin yake. In an rufe shago ƙanena ya jawo benci. Jiya na ga ya yanko kwalin taliya ya zana kibiyoyin bom mai kilo 500 da biro, ya liƙa a ƙasan talabijin, kuma yara biyu sun riga sun kwafa a tafin hannunsu.