Rasit ɗin HSA: a manhajar kamfani ko a hannunki?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambayi inda ya fi dacewa ki riƙa ajiye rasitan kuɗin asibiti da magani. Tsakanin zuba rasitanki a manhajar kamfanin da ke riƙe da asusunki na HSA (asusun tara kuɗin kula da lafiya a nan Amurka) da ajiye su a foldarki ta kanki, ki ɗauki ta biyu kawai. Manhajar ki bar ta a matsayin ƙari, in kina da lokacinta.

Abin da ya sa na ce haka yana cikin dokar kanta. Tun a 2004, shekarar da aka fara buɗe irin wannan asusu, hukumar haraji ta Amurka, IRS, ta faɗa a sanarwarta mai lamba 2004-50 cewa babu wa'adin da aka yanka wa mutum ya biya kansa. Kika biya kuɗin asibiti daga aljihunki bana, kina iya barin kuɗin asusun suna ƙaruwa, bayan shekara 15 ki zo ki cire daidai abin da kika kashe, ba haraji ko sisi. Amma fa sai kin iya nuna cewa kuɗin lafiya ne na gaske, an kashe su bayan an buɗe asusun, inshora ko wani wuri bai riga ya biya ki ba, kuma ba ki taɓa sa su cikin abubuwan da aka rage miki haraji a kansu ba. Kamfanin ba zai tambaye ki hujja ba ranar da za ki cire. Zai ba ki kuɗinki, ya aiko da fom 1099-SA, mai nuna abin da kika cire, gare ki da hukumar, ke kuma ki cika fom 8889 lokacin haraji. In bincike ya taso, ƙofarki za a ƙwanƙwasa, ba tasu ba. Aka rasa hujja, za ki biya haraji a kan kuɗin, a ɗora miki tarar kashi 20 cikin 100 muddin ba ki kai shekara 65 ba.

To kin ga ma'ajiyar da za ta yi shekara 15 ko 20 kike nema. A ƙasar nan wa ke daɗewa haka a wurin aiki ɗaya? Ko ke ba ki motsa ba, ma'aikatarku na iya sauya kamfanin da ke riƙe da asusun, ko wani kamfani ya sayi wani. Kuɗi suna bin mutum zuwa sabon wuri. Hotunan rasit kuwa galibi a can ake baro su.

Ni a Google Drive nake ajiye nawa, kowace shekara da foldarta. Duk kuɗin da muka kashe, takarda uku nake haɗawa wuri guda: takardar asibiti mai nuna aikin da aka yi da ranar da aka yi shi, takardar bayanin da inshora ke aikowa wadda suke kira EOB, sai shaidar cewa na biya. Kowacce da aikinta. Takardar asibiti ta nuna ana bin ki, ba ta nuna kin biya ba. Bayanin banki ya nuna kuɗi sun fita zuwa kantin magani, amma kantin magani a nan har alewa da sabulu da katin waya yana sayarwa, wa zai yarda magani kika saya? EOB ce ke raba gardama, don ita ke nuna abin da inshora ta ɗauka da abin da ya rage a wuyanki. Ki sauke ta da zarar ta fito, domin shafin inshora ba ya riƙe su har abada, kuma in kin bar wannan inshorar shiga shafin ma sai ya zama aiki.

Sunan kowane fayil nakan sa kwanan wata, sunan wanda aka duba a gidan, da yawan kuɗin. Sannan ina da jadawali guda ɗaya a Google Sheets, layi ɗaya ga kowane rasit, da gurbi na ƙarshe da na rubuta wa "na biya kaina?". Wannan gurbin ya fi komai muhimmanci, shi ke hana ki cire kuɗi sau biyu a kan rasit ɗaya bayan kin manta. Rasit ɗin kantin magani kuwa, wancan mai santsi da injin ke ƙona rubutu a kai, tun a cikin mota nake ɗaukar hotonsa. Ki bar shi a jaka ko a gaban mota lokacin zafi, ki dawo ki tarar da farar takarda fes. Hukumar tana karɓar hoto in dai ana iya karanta shi. Ƙarshen shekara na kwashe komai a ƙaramin faifan ajiya, na jefa a akwatin da fasfo ɗinmu suke.

Ranar da na ji daɗin wahalar nan ita ce lokacin bikin ƙanwata. Ya faɗo cikin hutun bazara, kin san yadda tikitin gida ke tashi a lokacin, ga yara duka sun dage sai sun je. Na zauna bayan isha'i na buɗe jadawalin, na haɗa kuɗin haihuwar autata da na biya tun tana jaririya, da na ƙarfen gyaran haƙoran babbar, da tabarau na maigida. Sai ga kuɗin tikiti sun fito har da na tsaraba. Na cire, na rubuta kwanan wata a gurbin kowanne, 'yan kwanaki kuɗin suka shigo banki. Ba rance, ba katin bashi, ba haraji. Kuɗin da kika biya kanki naki ne, ko kujerar Makka kika ga dama ki biya da su ba ruwan kowa.

Manhajar kamfani ba zan hana ta haƙƙinta ba: tana da sauƙi, tana haɗa lissafi da kanta. Iyakar yabonta ke nan a wurina. In za ki yi amfani da ita, ki fara duba ko tana barin a sauke duk hotunan lokaci guda. Ajiye takarda zalla a ambulan kuma, ƙaura biyu ta ishe ta watsewa.

Akwai rasitan da mu 'yan gida muke tarawa da ba za su yi amfani ba, gara ki sani tun yanzu. Kuɗin asibitin da kika tura wa Hajiya a Kano ko Damagaram ko Kumasi ba ya shiga, ko da ke kaɗai ke ɗauke da nauyinta. Dokarsu ta ce kafin a lissafa mahaifi cikin waɗanda ke ƙarƙashinki sai ya kasance ɗan ƙasar Amurka ne, ko yana zaune a Amurka, Kanada ko Meziko. Ladanki yana wurin Allah, amma kada ki sa shi a jadawali. In kuwa ke ce, ko maigida, ko yaranki kuka yi rashin lafiya kuna hutu a gida, wannan yana shiga. Ki karɓi rasit mai hatimi da kwanan wata, ki rubuta farashin dala na ranar a gefe. Maganin da likita ya rubuta kika saya kika sha a can shi ma yana shiga in halal ne a ƙasashen biyu, amma ba wanda kika ciko akwati kika taho da shi ba. Tun 2020 kuma maganin da ake saya ba takardar likita, irin na ciwon kai da mura, da audugar mata, duk sun shiga. Ƙananan nan su ne mutane ke zubarwa, alhali su suka fi yawa a gidan da ke da yara.

Wajen tsawon ajiya mutane kan yi kuskuren lissafi. Shekara ukun da hukumar kan iya waiwayowa a cikinta, daga takardar harajin shekarar da kika cire kuɗin take farawa, ba shekarar da kika je asibiti ba. Rasit na 2025 da kika ci kuɗinsa a 2040, ki riƙe shi har 2044.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar intanet. A Maris na 2024 IRS ta fito ta ja kunne a kan kamfanonin da ke cewa kuɗin motsa jiki da abinci na musamman duk za a iya biya da HSA in an sayi takardar likita a wurinsu. Ki cika tambayoyi a shafinsu, ki biya, su aiko da takarda daga likitan da bai taɓa ganinki ba. Hukumar ta ce takardar da aka gina a kan abin da mutum ya faɗa da bakinsa kawai ba ta mayar da abinci magani. Su sun karɓi kuɗinsu, tarar ke za ta hau. Haka duk manhajar ajiye rasit da ta nemi lambarki ta Social Security (lambar shaidar da gwamnatin Amurka ta ba ki) ko kalmar sirrin bankinki, ki rufe ta. Wanda kuma ya ce zai sa a rubuto miki rasit daga wani asibiti a gida kan ɗan kaso, ki ce masa Allah ya ba da sa'a. IRS ba ta fara neman mutum ta saƙon waya ko WhatsApp, duk wanda ya turo da sunanta ɓarawo ne.

Kada kuma ki yi ta tara rasit ba ranar ci. Rai na hannun Allah. In maigida kika rubuta a matsayin magajin asusun, zai koma nasa yadda yake. In yara ne ko wani ɗan'uwa, asusun ya tashi daga HSA, a lissafa musu kuɗin cikin abin da za su biya wa haraji a shekarar. Don haka ki nuna wa maigida inda foldar take, ki duba sunan da kika sa a takardar magaji.

Ki buɗe foldar yau da dare. Fayil na farko ya zama takardar da ke nuna ranar da aka buɗe asusunki aka fara zuba kuɗi a ciki, don duk rasit ɗin da ya riga wannan ranar ba ya cikin lissafi.