Gargaɗi ga masu tankin murjani: akwai mai sayar da jabun kayan gwajin ruwa

Jama'a masu kiwon kifin teku da murjani mai rai a tankin gilashi, ku yi hattara da wani mai talla da ke yawo a Instagram da zaurukan WhatsApp. Ba zan kama suna ba, don yana canza sunan shafi kamar riga, amma salonsa bai taɓa sauyawa ba. Zai ɗora hotunan kayan gwaji na kamfanonin da muka sani, irin su Salifert da Red Sea, ya ce rabin farashi zai bayar saboda kwalayen sun jiƙe a hanya. Sai an biya kuɗin gaba ɗaya, a asusun da sunansa bai yi daidai da na shafin ba, sannan ya aiko. Abin da ke isowa daban yake da na hoton: ƙananan kwalabe a leda, an kankare ranar ƙarewar aiki, wasu ma takardar jikinsu da hannu aka manna.

Kamfanonin ba ruwansu a ciki. Shi ne yake tattara sinadaran da wa'adinsu ya wuce, ya ƙara musu ruwa don kwalba ɗaya ta zama biyu.

Inda abin ya fi muni shi ne gwajin KH, wato auna sinadarin kabonet da murjani ke gina ƙashinsa da shi, wanda duk mai murjani mai ƙashi ya dogara da shi. Ana ɗiga wani ruwa mai tsami da sirinji a cikin ɗan ruwan tanki har launi ya juya, yawan abin da aka ɗiga shi ne yake ba da lamba. To idan an tsarma wannan ruwan, dole sai ka ɗiga da yawa kafin launin ya juya, lambar kuma ta haura. An raba ƙarfinsa biyu, tankin da ke kan 8 dKH (ma'aunin KH ke nan) zai nuna maka 16. Hankalinka ya tashi, ka daina zuba sinadarin ƙarin KH a tanki, alhali murjani yana ci gaba da zuƙe abin da ke ruwan yana gina ƙashinsa. Kana kallon lambar ƙarya, ainihin KH yana ta zubewa ƙasa da 7 ɗin da ruwan teku yake da shi, sai ka wayi gari nama yana saɓulewa daga jikin Acropora, murjanin nan mai rassa. Kwalbar da aka bari ba murfin kirki a wuri mai zafi ita kuma akasin haka take yi: ruwanta ya tsotse, ta ƙara ƙarfi, ta nuna ƙasa, ka yi ta zuba sinadarin ƙari har kan rassan murjanin ya ƙone. Wanda ba ya gwaji kwata-kwata, yana canjin ruwa kawai a kai a kai, ya fi wanda yake bin wannan lambar kwanciyar hankali.

Haka zalika gwajin kalsiyam da magnesiyam, su ma ɗigawa ake yi. Ana son kalsiyam tsakanin 380 da 450 ppm (wato kashi cikin miliyan), magnesiyam kuma wajen 1250 zuwa 1350, amma da tsarmammen sinadari ba za ka san inda kake ba.

Yana kuma sayar da 'yan takardun tsomawa, wai duk gwaji a tsinke ɗaya. Na kwamin wanka ne. A gwajin KH, yawancinsu tsalle suke daga 120 zuwa 180 ppm, tazarar da ta haura 3 dKH, tunda kowane 1 dKH kusan 17.9 ppm ne. Fosfet kuwa, da muke nema a wajen 0.03 zuwa 0.1 ppm, ko kusa ba su iya ganinsa.

Na'urar auna gishirin da yake bayarwa kyauta ma a duba ta. Ɗaga ta ka leƙa wajen haske. Idan ka ga an rubuta Brix da lambobi 0 zuwa 32, ta masu auna sukari ce a ruwan 'ya'yan itace. Ta ruwan gishiri tana nuna 0 zuwa 100 a gefe ɗaya, 1.000 zuwa 1.070 a ɗaya gefen, mu kuma 35 muke nema a gefen farko, wato kusan 1.026 a ɗayan. Ko ta gaskiya ce sai an saita ta da ruwan saiti wanda aka san gishirinsa 35 ne.

Kafin ku biya kowa, ku ce ya ɗauki bidiyon kwalin a rufe, lambar rukuni da ranar ƙarewa suna fitowa sarai, kuma su dace da na jikin kwalaben. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Shi wannan mutumin da ka tambaya zai fara da "haba Alhaji, ai ba a haka tsakaninmu", daga nan ya toshe lambarka. Masu na'urar gwajin ruwa ta kamfanin Hanna su ma su duba, sinadaranta suna da lamba da kwanan wata a jiki. Sabon kaya in ya zo, ku fara gwada shi da ruwan da aka san ma'auninsa, ko ku kai ruwan tankinku wurin abokin da kayansa suke da kyau a gwada tare. Mai hali yana iya aika ruwa gwajin ICP, wato gwajin ɗakin bincike da ke auna sinadaran ruwa, irin wanda kamfanonin Triton da ATI suke yi a Jamus, kodayake kuɗin aikawa ba wasa ba ne.

Wanda ya riga ya saya, ya dakatar da duk wani ƙari da yake yi bisa lissafin kwalaben nan, ya kai wa bankinsa rasit da hoton hirar tun da wuri, ya kuma kai ƙarar shafin. In an samu ainihin lambar KH ta yi nisa da inda ake so, kada a gyara ta a yini ɗaya. A riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan, kada ya wuce 1 dKH a rana.